Inusa Hayaƙi da Melanjin Tasalla

Duk wanda ya zauna a Sabon Gari ta Maradi ya san Inusa Hayaƙi. In bai san fuskarsa ba, ya san kukan injinsa. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji, in yana dariya sai ka ce wani yake kira daga ƙetaren gulbi. Yankan itace ne sana'arsa. In iska ta kayar da bedi, wato dogon yaro, a kan katangar wani, ko reshe ya yi wa rufin lakwal, wato makaranta, nauyi, ko mai garka yana so a rage masa tsohon mangwaro, Inusa ake aika wa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, don haka wani abin na gani da idona, wani kuma daga bakinsa na ji, shi kuwa ba ya gajiya da ba da labarin kansa.

A Tsibiri aka haife shi. Babansa manomin hatsi ne, da rani kuma ya yi faskare, shi ya sa Inusa ya tashi da gatari a kafaɗa. Yana saurayi ya shigo Maradi, yana faskara wa masu gashin burodi da 'yan tsire da masu tuwon sayarwa. Cikin masu sayen itacensa akwai wata tsohuwa mai ƙosai, kuma 'yarta Tasalla ce ke karɓar itacen. Inusa kan ɗora mata ƙari, gobe ya ƙara a kan ƙarin, har tsohuwar ta gane ba don ita ake yi ba. Aka yi aure.

Hannun Inusa bai san kaɗan ba. In ya haɗa shayi, sukari sai ya kwanta a gindin kofi. In ya zuba wa tuwo man shanu, sai ka nemi tuwon ka rasa. Tasalla kuwa ta gaji ƙosai da ma'auninsa. Gishirinta da yatsu uku take ɗiba, kullum haka, kuma ƙosanta na yau ɗanɗanonsa ɗaya da na bara. Mutanen unguwa kan ce Allah ne ya haɗa su don kada gidan ya tsiyace, kada kuma baƙo ya fita da yunwa.

Wata rana ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, suka zo sare wani ƙaton bedi da ya karkato kan hanya kusa da kasuwa. Inusa na wucewa da amalankensa ya tsaya kallo. Itacen da zai kwana biyu yana fama da shi, sai ga mutum ɗaya da inji mai sarƙa ya yayyanka shi kafin a kira azahar. Ya koma gida bai iya cin abinci sosai ba. Bai huta ba sai da ya sayar da jakinsa da amalanken, Tasalla ta ƙara masa da akuyarta, ya sayi injin yankan itace na hannu daga wani mai kawo kaya daga Jibiya.

Mai sayarwar ya ce masa abu ɗaya game da esansi, wato fetur: «Kada ka ba shi esansi zalla, sai ka haɗa da mai.» Bai ce wane mai ba, Inusa kuma bai tambaya ba. Ya tafi garejin wani abokinsa, aka cika masa kwalba da baƙin man da aka juye daga cikin mota, kyauta. Ya riƙa ɗiga kaɗan a tanki, don a ganinsa abu ne mai datti, bai kamata a cika wa inji ba. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya yi ƙoƙarin zuba abu kaɗan, kuma bai ji daɗin sakamakon ba. Ana cikin aiki a wani gida a unguwar Zariya, injin ya yi wata irin ƙara kamar an taka wutsiyar kare, ya ɗauke. Inusa ya ja igiya, ta ƙi ko motsi.

Ya naɗe shi a buhu ya hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, wurin Toma. Toma abokinsa ne tun suna yara, tare suka yi kiwon awaki. Kirista ne, makanikin babura, yana da rumfa a bakin hanya tun zamanin da mobilet ke cike da gari. Siriri ne mai magana a hankali, kuma ba ya fara aiki sai ya shimfiɗa tsumma ya jera kayan aikinsa. Ya kwance injin, ya zaro fistan ya ɗaga shi ga haske. Duk jikinsa ya kakkarce.

«Mi ka ba shi?» in ji Toma.

«Esansi da mai, yadda aka ce.»

«Wane mai?»

Inusa ya nuna masa kwalbar. Toma ya shinshina, ya ɗiga a yatsa ya murza, ya miƙo masa yatsan. «Taɓa ka ji. Ka ji tsakin ƙarfe? Wanga mai ya gama aikinsa a cikin mota, gawa ce ka ɗauko. Kuma ko sabo ne, man mota ba na wanga inji ba ne. Mota tana da tukunyar mai a cikinta. Wanga ba shi da ita. Man da ya sha tare da esansi shi ne duk abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe, kuma dole ya zama irin wanda ke ƙonewa tare da esansin ya fita. Ka ba shi mummuna, kuma ka ba shi kaɗan. Ƙishirwar mai ta kashe shi.»

Toma ya samo sabon fistan, ya tayar da injin. Ya nuna masa kwalbar man da ya dace, wadda aka rubuta 2T a jikinta, ya kuma faɗa masa ma'aunin melanji, wato haɗin esansi da mai. Amma daga duk bayanin nan, abin da ya zauna a kan Inusa shi ne ƙishirwa ta kashe masa inji. Ya yi wa kansa alkawari ba za a sake ba. Ya sayi mai na kirki, gaskiya, sai dai in ya zo haɗawa yakan tuntsura kwalbar da ido, ya duba, ya ce bari a ƙara kaɗan don albarka.

Daga nan sunan ya samo asali. In Inusa na aiki a Zariya, daga nesa za ka hango shuɗin hayaƙi ya tashi sama da katangu. Mata su yi ta kwashe shanya. Wani dattijo ya taɓa roƙonsa ya zo ya tayar da injin a bayan gidansa da magariba, wai sauro sun dame shi. Injin kan yi tari, yana tofar da baƙin mai ta mafitar hayaƙi, buji kuma, wato fulogi, ya jiƙe ya daina ba da wuta. Inusa ya riƙa yawo da buji cike da aljihu kamar goro. Duk sanda Toma ya yi masa faɗa sai ya ce, «Gara ya yi tari da ya mutu.»

Abin da ya ƙara masa taurin kai ya faru ne a Jiratawa. Wani mai garka, Jibo, ya samo izinin ma'aikatan gandun daji ya sare wani busasshen itace da ke barazanar faɗa wa rijiyarsa. Ba wanda ya san akwai zuma a kogonsa. Sarƙa na kaiwa tsakiya, ƙudan zuma suka fito kamar an buɗe buhu. Jibo ya bi ta cikin zogale da gudu, hularsa a hannu, ma'aikatansa biyu suka faɗa kwalbatin ban ruwa. Inusa kuwa yana tsakiyar gajimaren hayaƙinsa, bai ma san abin da ake ciki ba sai da ya ji harbi a kunne da wuya. Ya koma gida da kunne kamar fanke da ƙwarya cike da saƙar zuma, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa melanjinsa ne ya cece shi. Ya aika wa Toma da zuma a kwalba, ya ce a gaya masa wannan ladan mai ne.

Haka aka yi ta tafiya har daminar da Toma ya aurar da 'yarsa Hadassa. Tasalla ta riga ta tafi Tsibiri tun jajibiri don ta taya Batula, matar Toma, aikin girki. Da asubar ranar bikin aka yi iska da ruwa mai ƙarfi. Gari na wayewa aka tarar tsohon bedin harabar majami'a ya tumɓuke, ya kwanta a gicciye a bakin ƙofa, rassansa sun toshe hanya, ba shiga ba fita. Allah ya kiyaye bai taɓa ginin ba. Toma ya kira Inusa a waya.

«Kana ina? Ɗauko injinka. In ba ka zo ba, ta taga za mu shigar da amarya.»

Inusa ya ce wannan aikin abokinsa ne, ba za a ji kunya ba. Ya haɗa melanji na musamman, ya tuntsura kwalba fiye da kullum. Kafin hantsi ya iso, mutane sun taru, samarin majami'a sun fara sassabe ƙananan rassa da adda. Ya ja igiya, injin ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe har fasto ya ja da baya yana tari. Ya yanke reshe ɗaya, ya shiga na biyu, sai muryar injin ta fara dusashewa. Ya matsa masa, ya yi gurnani, ya mutu. Ya canza buji, ya tashi ya sake mutuwa. Ya canza wani. A banza.

Toma ya riga ya sa farar babbar rigarsa ta uban amarya. Ya tsaya yana kallon Inusa na jan igiya, gumi na zuba. Can ya naɗe hannayen riga a kafaɗa, ya aika aka ɗauko masa kayan aiki, ya durƙusa. Da ya kwance mafitar hayaƙin, kunkunniya ta toshe ta, ƙofar da ta rage ba ta fi ta allura ba. Ya juye tankin a wani gwangwani, abin ya fito da kauri.

«Inusa, wanga melanji ne ko miyar kuɓewa?»

Mutane suka fashe da dariya, har Inusa. Batula ce kaɗai ba ta yi dariya ba, don ta hango hannun farar rigar ya fara yin baƙi. Ta zo tana salati irin nasu, Tasalla na biye da ita da ludayi a hannu.

Tasalla ta leƙa gwangwanin, ta dubi mijinta. Ta juya ga Toma. «Baban amarya, abin nan shina da ma'auni, ko kowa da idonsa?»

«Da ma'auni mana. Ga shi nan ma a rubuce a murfin tanki. Hamsin na esansi, ɗaya na mai. Na faɗa masa har na gaji.»

«Ni ban san hamsin da ɗaya ba. In ga lita guda, mai nawa?»

Toma ya aika gidan maƙwabcinsa mai yi wa awaki allura, aka kawo sabon sirinji babba, ba allura a bakinsa. Ya nuna mata layin da aka rubuta ashirin. «Ki ja mai ya kai nan. Wannan na lita guda ne.»

«Shi ke nan?»

«Shi ke nan.»

«Kuma a kan wannan aka yi shekaru ana shaƙe unguwa?»

Ta miƙa wa Batula ludayin. Aka sayo esansi, aka samo bido mai tsabta, wato jarka, suka koma gefe nesa da murhun girki. Toma na kankare kunkunniya yana faɗa mata: ta fara zuba rabin esansin, ta sa man, ta rufe ta girgiza sosai, sannan ta cika da sauran ta sake girgizawa. Inusa na tsaye a kanta yana leƙe.

«Tasalla, ɗan ƙara kaɗan. Aikin babba ne.»

«Malam, matsa ka ba ni haske.»

Da aka mayar da komai, Inusa ya ja igiya. Injin ya tashi da wata murya da shi kansa ya manta yana da ita, siririya mai kaifi, hayaƙin kuma ɗan kaɗan. Ya ɗora sarƙa a gindin bedin, ta shige kamar wuƙa a kabewa. Ya yi ta yanka, samari na ja, kafin rana ta take an buɗe hanya. Gungumen da aka yayyanka aka jera a inuwa, baƙin da ba su sami benci ba suka zauna a kai. Amarya ta ɗan makara, amma ta ƙofa ta shiga. Toma ya rako ta da hannun riga ɗaya baƙi ƙirin, kuma a duk hotunan bikin ya ɓoye shi a bayan ango Yo'el.

Bayan an tashi daga biki suka koma Maradi. Da suka isa gida ya ɗauko kwalbar mai da bido ya ajiye a gaban matarsa. «Na yarda ma'aunin daidai ne,» in ji shi. «Amma na san hannuna. In na riƙe kwalbar nan sai na ƙara. Ke ki riƙa haɗawa.»

Tasalla ta karɓi aikin yadda take karɓar komai. Ta koma wurin Toma ta zauna ya koya mata sauran. Ta gane ba kowace kwalba mai 2T ce ta dace ba. Akwai wadda ke zuwa da hoton jirgin ruwa, ita ta injin da ruwa ke sanyaya shi ce, injin yankan itace kuwa iska ce ke sanyaya shi, zafinsa ya fi ƙarfin wancan man. Ta koyi duba murfi, don akwai masu tsintar tsofaffin kwalabe su ɗura musu man mota su sayar. Esansin kwalba na bakin hanya takan bar shi ya kwanta ta ga ko da ruwa a gindi, sannan ta tace da ƙyalle a mazurari. Kuma ba ta haɗa mai yawa, sai na 'yan kwanaki, don Toma ya ce melanji in ya daɗe a ajiye, musamman da zafin bazara, ƙarfinsa tafiya yake. Wanda ya haura wata guda ba ta yarda a sa a inji.

Abokan sana'ar Inusa suka lura injinsa ya daina tari, aljihunsa ya huta da buji. Suka tambaya, shi kuwa ba ya iya riƙe magana. Ɗaya bayan ɗaya suka fara sallama a ƙofar gida da bidonsu. Tasalla ta ga wuta da esansi ba za su zauna a tsakar gida ɗaya ba, ta bar wa ƙanwarta Rahmatu kaskon ƙosai, Inusa ya kafa mata 'yar rumfa a waje, jikin katanga, inda iska ke ratsawa. Ta sa aka shafa wa bidon melanji jan fenti don kada a rikita shi da na esansi zalla. Man sarƙa kuma, wanda ake zubawa a ɗayan tankin don sarƙa ta yi santsi, tana ajiye shi can wani ɓangare, don ta taɓa ganin wanda ya musanya tankunan biyu.

Ba ta haɗa wa kowa sai ta tambayi injinsa. Na ji ta da wani Tanimu, wanda ya sayi ƙaramin inji mai araha.

«Mi aka rubuta a murfin?»

«Ban duba ba, Hajiya. Ki haɗa mini irin na Inusa.»

«Na Inusa na injin Inusa ne. Je ka ɗauko in gani.»

Ya tafi yana gunaguni, ya dawo da shi. Ta goge murfin da gefen zane. Ashirin da biyar da ɗaya aka rubuta. «Ka gani? Naka sirinji biyu yake so a lita. Da na ba ka irin nasa, da ka dawo kana zagina.»

Shi kansa maigidan sai da ya gwada sa'arsa. Wata safiya ta shiga ciki, ya faki ido ya ɗiga ƙari a bidonsa. Da ta fito ta tsiyaya kaɗan a kwalba ta ɗaga ga rana, ta ga launin ya fi na kullum duhu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ƙara esansi har launin ya dawo yadda ta san shi, sannan ta zura sirinjin da kwalbar man a jakar da take ratayawa a wuya. Tun daga ranar tare suke zuwa ko'ina, har gidan suna.

Yanzu Inusa ya fara furfura, kunnensa ɗaya ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Ya sayi inji na biyu, kuma ana kiransa har ƙauyukan da ke bayan Tsibiri. Da rani, in aiki ya yi sauƙi, yakan zauna a rumfar matarsa yana wasa haƙoran sarƙa da ɗan zarto, yana ba masu jiran melanji labari.

Kwanan baya wani reshen bedin ƙofar gidansu ya sunkuyo yana gogar rufin rumfar. Inusa ya sare shi ya faɗo ƙasa, yana shirin yayyanka shi, sai Tasalla ta ce ya dakata. Ta ce shekara da shekaru tana ciyar da injin nan, ba ta taɓa jin nauyinsa yana aiki ba. Inusa ya zaci wasa take. Ta gyara ɗaurin zane, ta cusa bakin mayafi don kada ya yi lilo, ta sa takalmansa na aiki da suka yi mata yawa. Ya nuna mata inda za ta riƙe da hannu biyu da yadda za ta tsaya a gefe, ya tayar mata, ya tsaya a bayanta yana riƙe da gwiwar hannunta. Ni ina leƙe ta kan katanga, matan unguwa sun fito ƙofofi.

Ta ɗora sarƙar a kan reshen, garin itace ya watso mata har zane, guntun ya faɗi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ta saki maƙullin, Inusa ya kashe injin, ta juyo ta dube shi.

«Ashe haka yake girgiza mutum,» in ji ta. «Karɓi abinka, Malam. Yanka sauran ƙanana-ƙanana, Rahmatu na so.»